Alƙali Mai Riƙe da Alli

Wannan shi ne jawabin da aka gabatar a taron reshenmu na ƙarshen zangon karatu a Minanata, cikin birnin Sakkwato. Mun buga shi kamar yadda aka karanta shi, saboda 'yan'uwan da ba su samu halarta ba da iyalansu.



Malam shugaban reshe da 'yan kwamitinsa, shugabannin makarantu, iyayenmu da suka ajiye alli amma ba su ajiye mu ba, 'yan'uwana malamai maza da mata, ina yi muku sannu da gajiyar zango.

An ɗora mini magana a kan yanke wa mutane hukunci, abin da ke cikinsa na hikima da wuraren da ƙafa ke zamewa. Da a wani taro nake, da sai in taƙaita in ce kowa ya ji da kansa, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, mu shafa fatiha mu watse. To amma wannan nasiha ba ta isar malamin makaranta, domin shi hukunci aikinsa ne, a kansa ake biyansa albashi. Malamin da ke da yara 80 a aji, in ya ba da gwaji biyu da jarrabawa ɗaya a zango, ya yanke hukunci 240 ke nan a darasi guda, ban da na wanda ya makara, da wanda aka kawo ƙara ya ɗauki biron wani, da 'yar jimlar nan da muke rubutawa a ƙasan takardar sakamako. Shi alƙalin kotu yana da magatakarda a gefensa, da lauya a gabansa, da kotun ɗaukaka ƙara a bisansa. Mu kuwa mu ne mai ƙara, mu ne shaida, mu ne alƙali, wani lokaci ma mu ne dogarin da ke riƙe da bulala. Wanda ake yi wa shari'ar kuma ɗan shekara tara ne, ba shi da bakin da zai ce bai yarda ba.

Tun da ba mu da mafita daga yanke hukunci, tambayar da ta dace da mu ita ce: a kan me muke da hurumin yankewa, da wace hujja, kuma in mun yanke, muna barin ƙofar komawa? Ba sai mun je nesa neman amsa ba. Daga nan Minanata zuwa Hubbare tafiyar 'yan mintuna ce a kan kabu-kabu, kuma wanda ke kwance a wurin ya sha fama da wannan tambaya kafin a haifi kakannin kakanninmu.

A shekarun da Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya yarda da shi, yake yawon karantarwa a Gobir da Kabi da Zamfara, tun daga wajajen 1774 har zuwa hijirarsa daga Degel zuwa Gudu a 1804, ya tarar da wani rukuni na malamai da almajiransu da suka ƙware a tauhidi irin na hujjojin hankali, wanda ake kira ilimin kalam. Waɗannan mutane sukan tare talaka, manomi ne ko makiyayi ko tsohuwa, su yi masa tambayoyi a kan siffofin Allah, su nemi ya kawo hujjar kowace siffa bisa tsarin da su suka haddace. In ya kasa, sai su ce ba Musulmi ba ne, ba a cin yankansa, ba a ƙulla aure da shi. Mutumin nan yana kalmar shahada, yana sallah, yana azumi, amma duk wannan bai cece shi ba a wurinsu, tun da ya rasa amsar tambaya.

Ku lura da kyau, 'yan'uwa, domin waɗannan mutane abokan sana'armu ne. Jarrabawa suka shirya. Suna da tambayoyinsu, suna da amsar da suke jira, suna da makin ci. Kuma ba ƙarya suka yi ba da suka ce talakan nan bai iya amsa ba, lalle bai iya ba. Inda suka zame shi ne, jarrabawarsu ta auna hadda da iya zance, su kuma suka sanar da sakamakon a matsayin ma'aunin imani. Sun auna abu ɗaya, suka yanke hukunci a kan wani abu daban wanda ma'auninsu bai kai gare shi ba.

Shehu bai ɗauki wannan da wasa ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambata a cikin Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812, cewa mahaifinsa ya yi wallafe-wallafe wajen hamsin don rushe wannan ra'ayi, kuma littafinsa Hisnul Afham yana cikin waɗanda suka yi wannan aiki. Hujjarsa ita ce Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da sahabbansa sun karɓi Musuluncin mutane bisa abin da ya bayyana, ba su taɓa shirya musu irin wannan jarrabawa ba, sun bar abin da ke cikin zukata ga Mai zukatan. Amma kada wani ya zaci Shehu ya ce jahilci ba komai ba ne. Shi ne fa ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bin waɗannan talakawa ƙauye ƙauye yana koya musu addini da Hausa da Fulfulde, shi ne kuma a Nurul Albab ya yi wa malamai faɗa a kan barin matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu alhali suna karantar da 'ya'yan wasu.

Ga shaida iri ɗaya a gaban mutum biyu, wato talakan da bai san amsa ba. Ɗaya ya ce wannan ba namu ba ne, a guje shi. Ɗayan ya ce wannan bai sani ba, a koya masa. Hukuncin farko yana sauke wa malami nauyi, ya koma zaurensa da ɗalibansa haziƙai ya huta. Na biyu yana ƙara masa aiki, ya sa shi ɗaura wa jaki kaya ya nufi Zamfara ya zauna shekara da shekaru. A ganina wannan ma'auni ne da za mu iya ɗauka mu shiga da shi aji gobe da safe: duk hukuncin da na yanke wa yaro wanda sakamakonsa shi ne ni na huta da shi, ya kamata in sake duba shi, domin mai yiwuwa ne gajiyata ce ta yanke shi.

Abin bai tsaya ga baƙi ba, ya shigo har cikin gida. Malam Jibrila ɗan Umaru, malamin da Shehu ya bi har Agadas don ɗaukar karatu, yana da ra'ayin cewa wasu manyan zunubai da suka yaɗu a ƙasar Hausa suna fitar da mai yin su daga Musulunci. Shehu ya duba ya ga wannan ba shi ne matsayin Ahlus Sunna ba, mai saɓo mai saɓo ne, ba kafiri ba. Bai yi shiru don kunyar malami ba. Ya rubuta amsa a Nasa'ihul Umma da Shifa'ul Galil, ya bayyana inda maganar ta kauce. Amma ya jingina kuskuren ga tsananin kishin addini da malamin nasa yake da shi, ya ci gaba da girmama shi da ambaton falalarsa a kansa har ƙarshen rayuwarsa. Ya hukunta magana, ya bar mutumin da mutuncinsa. Mu a ɗakin malamai mun fi sabawa da ɗayan biyu: ko mu yi shiru hedimasta yana kuskure muna gani, mu je bayan idonsa mu ci namansa, ko kuwa ranar da muka buɗe baki mu haɗa kuskuren da asalinsa da garinsu da yadda aka yi ya samu muƙamin.

Akwai kashi na uku na labarin, wanda ba a cika faɗa a irin wannan taro ba, amma amana ta sa a faɗe shi. Bayan da yaƙi ya kai ga Borno har Birnin Gazargamu ya faɗi a 1808, Shehu Muhammadul Amin Alkanemi ya rubuto wasiƙu yana tambayar da wace hujja ake yaƙar mutanen da ke sallah da azumi. Ya yarda akwai saɓo a Borno, akwai cin hanci da cin dukiyar marayu da al'adun da ba su dace ba, amma ya ce saɓo ba kafirci ba ne, kuma babu ƙasar Musulmi da ta kuɓuta daga irinsa. Wato makamin da Shehu ya yaƙi masu kafirta talakawa da shi, shi aka juyo da shi ƙofar jama'arsa. Bello ya mayar da amsa da nasa hujjojin, musamman cewa sarakunan Borno sun taimaki waɗanda ke yaƙar jama'a. Ba ni ne zan raba gardama tsakanin waɗannan manya ba. Abu biyu kawai nake so mu ɗauka. Na farko, in har mutanen da suka fi kowa sanin haɗarin wuce iyaka a hukunci an iya tuhumarsu da shi, to ni da ku ba mu da dalilin sakin jiki. Na biyu ya fi ba ni mamaki: Bello ya kwafe wasiƙun abokin jayayyarsa ya sa a cikin littafinsa. Da bai yi haka ba, da yawancinmu ba mu san abin da Alkanemi ya ce ba. Ya bar wa na baya damar su ji ɓangare biyu, alhali alƙalami yana hannunsa. Mu nawa ne, in muna rubuta rahoto a kan abokin aiki zuwa ofishin sakataren ilimi, muke sa bayaninsa cikakke kamar yadda ya faɗe shi?

Yanzu mu baro tarihi mu shiga aji. Kalmar da ta fi kowace tsada a bakin malami ita ce daƙiƙi. Ba ta ɗaukar daƙiƙa guda a faɗa, amma magana zarar bunu ce. Yaran aji za su ɗauka, su kai unguwa, ta riga yaron isa gida. Abin da muka gani da idonmu shi ne yaro ya ci 12 cikin 100 a lissafi. Wannan gaskiya ce, kuma wajibi ne a rubuta ta yadda take, ba a ƙara masa ko maki ɗaya don tausayi. Amma daga 12 cikin 100 zuwa daƙiƙi akwai tazara mai nisa, irin tazarar da ke tsakanin rashin amsar talakan Gobir da kafircinsa. Takardar ba ta gaya mana ko yana ganin allo daga bencin baya ba. Ba ta gaya mana ko kunnensa na ji sosai ba, ko ya karya kumallo, ko tambayar da aka rubuta da Turanci ta kayar da shi tun kafin ya kai ga lissafin. Yarinyar da ke gyangyaɗi a darasi na biyu mai yiwuwa tun asuba take kan talla. Kuma duk wanda ke koyarwa a birnin nan cikin 'yan shekarun nan ya san an samu sababbin fuskoki daga Sabon Birni da Isa da Rabah da Goronyo, yaran da 'yan bindiga suka raba da garuruwansu, wasu sun yi shekara biyu ba su riƙe fensir ba, wasu sun ga abin da babba ma ba ya so ya tuna. Irin wannan yaro in ya yi shiru an tambaye shi, ko ya zabura don an buga tebur, sai a rubuta masa "ba ya mai da hankali".

Ga kuma wani hukuncin da ya fi wannan muni, wanda ke shigowa aji daga kasuwa: yaro Bafulatani ya yi faɗa da ɗan'uwansa, sai wani ya jefe shi da sunan 'yan ta'adda, aji ya fashe da dariya, malami ya yi kamar bai ji ba. Shirun nan sa hannu ne. A garin da Bafulatani ya kafa, a makarantar gwamnati, an ɗora wa ɗan shekara goma laifin mutanen da wataƙila su suka kore shanun ubansa.

Masana ilimin koyarwa sun gwada ƙarfin zaton malami. A Amurka, Robert Rosenthal na Jami'ar Harvard da Lenore Jacobson, shugabar wata makarantar firamare a Kalifoniya, sun yi wa yara gwajin basira, sannan suka ba malamai sunayen kusan kashi 20 cikin 100 na yaran, suka ce gwajin ya nuna waɗannan suna gab da buɗewar kai. Alhali kuwa sunayen da ka aka zaɓe su, kamar ƙuri'a. Da aka sake gwaji bayan wani lokaci, sai aka ga yaran nan sun fi sauran ci gaba, musamman a aji ɗaya da aji biyu. Sun buga sakamakon a 1968. An yi ta muhawara a kan binciken, kuma waɗanda suka biyo baya sun nuna tasirin bai kai girman da aka fara zato ba, amma ba su ce babu shi ba. Hanyar da yake bi kuwa kowa a nan ya san ta. Yaron da kake kyautata wa zato ka fi kiran sunansa, ka fi jiransa ya gama tunani, in ya yi kuskure ka gyara masa. Wanda ka riga ka yanke wa hukunci, kafin ya buɗe baki ka ce "zauna". Bayan shekara ka ce ai dama na faɗa, alhali kai ka gina abin da ka faɗa.

Mu da kanmu mun ɗanɗani yadda abin yake. A watan Oktoba na 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta sanar cewa malaman firamare 21,780 daga cikin kimanin 33,000 sun kasa samun kashi 75 cikin 100 a jarrabawar da aka ce ta 'yan aji huɗu ce, kuma za a sallame su. Aka watsa wasu takardun amsa a intanet, duniya ta yi dariya. Ƙungiyarmu ta yi jayayya a kan wanda ke da hurumin yi wa malami irin wannan jarrabawa da kuma makin cin da aka sa, har ta shiga yajin aiki a watan Janairu na 2018. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: wasu daga cikin takardun nan babu mai iya kare su, kuma uban da ɗansa ke gaban irin wannan malami yana da haƙƙin ya yi fushi. Amma mun ji zafin yadda aka dunƙule mutum dubu ashirin da ɗoriya aka ba su suna guda, wanda ya ci 70 da wanda ya ci 7, aka kuma shafa wa duk malamin Arewa kashin kaji. Mun tambaya a lokacin: wa ya ɗauke su aiki, wa ya horar da su, shekara nawa suka yi ba a kai su ko bita ɗaya ba? Tambayoyi ne na gaskiya. Abin da nake roƙo shi ne mu riƙa yi wa yaron da ya ci 12 irin tambayoyin da muka so a yi mana.

Dole in taɓo abin da ya fi nauyi, ko da yake na san zukata ba sa son a tuna. Ranar 12 ga Mayu 2022, a harabar Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, inda da yawa daga cikinmu suka samo takardar koyarwa, taron jama'a ya kashe wata ɗaliba bisa zargin ɓatanci ga Fiyayyen Halitta a wani saƙon murya da ta tura zauren WhatsApp na ajinsu. Majalisar Sarkin Musulmi ta yi tir da kisan, aka rufe kwalejin, bayan kwana biyu aka sa wa birnin nan dokar hana fita. A watan Yuni na 2023 aka sake, a mayankar Sakkwato, wannan karon wani mahauci ne Musulmi, wanda wasu da suka san shi suka ce ba a fahimci maganarsa ba. A hoton bidiyon da ya yaɗu, cikin masu jifan har da yara ƙanana. Babu wanda ke tuhumar son da muke yi wa Manzon Allah, kuma babu mai hankalin da zai ce ɓatanci ƙaramin abu ne. Amma addinin da ya koya mana wannan so shi ne ya ajiye hukunci a hannun alƙali, ya sa sharaɗin shaida, ya umarce mu a Suratul Hujurat da bin diddigin labari kafin aiki da shi. Sa'ad da aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta Jihar Edo a ƙarshen Maris 2025, suna kan hanyarsu ta komawa Kano don yin Sallah, saboda an ga bindigogin farauta a motarsu an ce masu garkuwa da mutane ne, dukkanmu mun ce ina bincike, ina kotu? Amsar da muka nema a Uromi ita ake binmu a nan gida.

Ku kwatanta da wata shari'ar da aka yi a jihar nan. A watan Oktoba na 2001 babbar kotun shari'a ta Gwadabawa ta yanke wa Safiya Husaini ta Tungar Tudu hukuncin rajamu. Ranar 25 ga Maris 2002 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jihar Sakkwato ta soke hukuncin ta sallame ta, saboda abin da ake zargi ya auku kafin dokar ta fara aiki, kuma ba a bi ƙa'ida wajen bayyana mata tuhumar ba. Alƙalan Musulunci ne suka duba aikin alƙalin Musulunci, da ma'aunin shari'ar kanta, suka ga ya zame. Wannan ba abin kunya ba ne ga shari'a. Tun a wasiƙar da Sayyidina Umar ya aika wa Abu Musal Ash'ari a kan alƙalanci an gargaɗi alƙali da ya fahimci ƙara kafin ya yanke, ya daidaita masu jayayya a zama da kallo, ya nisanci fushi, kuma kada hukuncin da ya yanke jiya ya hana shi komawa ga gaskiya in ta bayyana masa yau. An iya gyara kuskuren Gwadabawa ne don akwai wata biyar tsakanin hukunci da ɗaukaka ƙara, kuma matar tana raye. Taron jifa ba ya barin ko minti biyar.

Me ya haɗa wannan da mu? Yaran da ke cikin bidiyon nan suna da aji, suna da malami. A ina yaro ke fara koyon cewa ihun jama'a hujja ne? Ranar da kuɗin wani ya ɓace, aji ya ɗauki ihun ɓarawo yana nuna yaron da aka saba nunawa, malami ya ɗauko bulala ba tare da ya tambayi wa ya gani ba, ranar an koyar da darasi, kuma ya fi na kan allo shiga. Haka ranar da monita ya miƙo sunayen masu surutu aka bi su da duka ɗaya bayan ɗaya, alhali kowa a ajin ya san monita ba ya rubuta abokansa. Malamin da ya tsaya ya ce wa ya gani da idonsa, kai kuma me za ka ce, ya ɓata minti goma na darasi, amma yara 80 sun ga yadda ake shari'a.

Kada kuma a fahimce ni a karkace. Akwai ramin da ke ɗaya gefen hanyar, kuma mu 'yan ƙungiya mun fi kusa da shi. Shi ne a ƙi yanke hukunci inda ya wajaba, a kira abin rufin asiri. Malamin da ke rubuta wa ɗalibai amsa a allo ranar jarrabawar fita, da wanda ba a ganinsa sai an ji labarin albashi, da wanda iyaye ke raɗe-raɗin yana kiran 'yan mata ofis bayan an tashi, in muka ce ba mu hukunta kowa, Allah ne Masani, to mun yanke hukunci ke nan, a kan yaran muka yanke shi. Kyautata zato ba ya nufin toshe kunne. Abin da ƙungiya ke bin ɗanta bashi, kuma shi ma yake binta, shi ne a bi hanya: a rubuta tuhuma a fili, a ba shi ita, a ji bakinsa, a kira shaidu. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi, kuma dokar 1993 da ta kafa hukumar rajistar malamai ta ƙasa ta tanadi kwamitin bincike da na ladabtarwa. In an bi wannan aka same shi da laifi, ba aikinmu ba ne mu je mu yi ta kamun ƙafa a mayar da shi wata makaranta inda ba a san shi ba.

Ina da roƙo ga kwamitin reshe, in shugaba ya yarda a sa shi cikin abin da za a tattauna. Duk ƙarar da aka kawo wa reshe a kan ɗan ƙungiya, kada a karanta ta a taro, kada kuma ta shiga zauren WhatsApp ɗinmu, sai an haɗa ta da amsarsa a rubuce, a ajiye su a fayil guda, kamar yadda Bello ya ajiye wasiƙun Borno kusa da nasa. Ga shugabannin makarantu kuma, tun da makon nan ake cika takardun sakamako, ina roƙon ku duba layin ra'ayin malami kafin ku sa hannu. Inda kuka ga an rubuta "malalaci" ko "ba ya ja", ku mayar wa malamin ya rubuta abin da ya gani da abin da za a yi: bai iya teburin ninkawa daga na shida ba, a taimaka masa a gida, ya rasa kwana 14 a zangon nan, muna son ganin mahaifinsa, a kai shi a duba idonsa. Zai ci lokaci, na sani, ga yawan yara ga ƙarancin hannu. Wanda ajinsa ya yi yawa ya fara da yara goma na ƙarshen jeri, domin su ne aka fi rubuta wa kalma ɗaya.

Iyayen da za su karanta wannan a gida, in takarda ta zo da jan biro, kafin a ɗauko dorina a zo makaranta a tambaye mu me muka gani. Ƙofar ɗakin malamai a buɗe take daga ranar da aka koma.

Sakatare ya ce za a karɓi tambayoyi bayan sallar La'asar.